Matasan Jamus Sun Kai Gwamnatinsu Kotu Kan Sauyin Yanayi

Idan gwamnati ta ƙara harajin mai da sunan kare muhalli, ta taɓa aljihunka. Idan kuma ta naɗe hannu ta bar hayaƙi yana tashi, ta taɓa gobenka. To, wanne ne tauye haƙƙi? Irin wannan tambayar ce wasu matasa, ciki har da 'yar fafutuka Luisa Neubauer, suka kai gaban Kotun Tsarin Mulkin Jamus.

Ƙorafinsu a kan dokar kare yanayi ta 2019 ne. Dokar ta ce zuwa 2030 za a rage hayaƙi mai ɗumama duniya da kashi 55 cikin 100 na abin da ake fitarwa a 1990, amma ba ta fayyace yadda za a yi bayan nan ba. A watan Afrilun 2021 kotu ta bayyana cewa wani ɓangare na dokar ya saɓa wa tsarin mulki.

Ka lura da hujjar, don nan ne abin yake. Kotun ba ta ce gwamnati ta gaza kare rayukansu ba. Cewa ta yi an tauye musu 'yanci. Hayaƙin da ƙasa za ta iya fitarwa yana da iyaka, idan manya suka cinye kason yau, gobe dole a matse matasa a kan tafiye-tafiye, sana'a, har da ɗumama ɗaki lokacin sanyi. Wato an ci bashi, an bar wa yara biya. Cikin 'yan watanni majalisa ta ɗaga adadin zuwa kashi 65, ta kuma dawo da wa'adin kawar da hayaƙin daga 2050 zuwa 2045.

Amma kada ka ɗauka duk abin da gwamnati ta yi da sunan yanayi halal ne. A Nuwamban 2018 ƙarin harajin mai ya fito da masu rigar ruwan ɗorawa kan titunan Faransa, da yawansu mazauna karkara waɗanda ba su da hanyar zuwa aiki sai da mota. A Disamba gwamnati ta janye ƙarin. A ganina sun yi gaskiya, bai kamata mai ƙaramin ƙarfi ya fi kowa ɗaukar nauyin gyaran ba.

A Najeriya fa? Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa, iska, ƙasa da dazuzzuka. Sai dai yana cikin Babi na Biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta aiki da shi. Shi ya sa Jonah Gbemre, daga Jihar Delta, ya bi ta wata ƙofar: a 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yarda da shi cewa ƙona iskar gas a yankinsu ya take haƙƙin rayuwa da mutunci. Shekaru sun shuɗe, har yau ana ƙona ta a Neja Delta.