Mutumin Kirki: Halin Maigida da Shugaba a Ƙasar Dakoro

Idan Bahaushe zai auna mutum, halinsa yake fara dubawa kafin dukiya ko sarauta. Wanda ya cika mudu shi ake kira mutumin kirki. Wani masani ɗan Ingila, Anthony Kirk-Greene, ya tattara abin da Hausawa ke nufi da wannan suna a wata lacca da aka buga a 1974, inda ya lissafa halaye 10: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Daga bakin mutane da karin maganarsu ya tsinto su. Da wannan mudun ake auna maigida da maigari da sarki, sai dai nauyin yana ƙaruwa gwargwadon yawan mutanen da ke ƙarƙashin kowannensu.

Inda gona ta haɗu da makiyaya

Gundumar Dakoro, wadda ke arewa da birnin Maraɗi, wuri ne da ake ganin amfanin waɗannan halaye a fili. A kudancinta, wajen Kornaka, noman gero da wake ne ya fi yawa. A arewa, daga kwarin Tarka zuwa gaba, ƙasar kiwo ce. Tun 1961 dokar Nijar ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba ta arewa, amma ƙaruwar jama'a da farin shekarun 1973 da 1984 sun tura manoma gaba, sun kuma koro makiyaya kudu. Hausawa da Fulani da Buzaye suna shan rijiya ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya, kuma kowace damina akwai yiwuwar shanu su faɗa gona ko gona ta cinye burtali.

Maƙwabtan Hausawa ma suna da irin ma'aunin mutumin kirki. Pulaku, wato tafarkin zama cikakken Bafillace, ya ginu ne bisa munyal da hakkilo da semtende, ma'ana haƙuri da hankali da kunya. Fulanin Woɗaɓe kuma suna da al'adar habbanaye: mutum ya ba ɗan'uwansa aron karsana, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan, ya mayar da uwar. Babu takarda a tsakani, amana ce kawai.

Makarantar farko

Gida ne wurin da ake koyon waɗannan halaye, kuma da ido yaro ke koyo fiye da kunne. Yana ganin yadda mahaifinsa ke tarbar baƙo, yadda yake raba hatsi tsakanin matansa, da abin da yake yi idan ransa ya ɓaci. Yana ganin kunyar da ke hana uwa ambaton sunan ɗanta na fari. Daga gaisuwar safe, da durƙusawa gaban manya, da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da dare, har zuwa makarantar allo, duk darasi ne.

Tsarin noma ma yana da nasa horon. A gandu, kowa na aiki ƙarƙashin maigida, shi kuma ciyarwa da haraji da aurar da yara suna wuyansa. Idan saurayi ya tasa, akan yankar masa gamana, wato 'yar gonarsa ta kansa, ya noma a ranakun da ba na gandu ba, ya sarrafa amfaninta. Ta haka yake koyon tanadi da ɗaukar nauyi tun yana gaban mahaifinsa. Uban da ya ƙi sakar wa ɗa komai yakan tashi da ɗan da bai iya riƙe komai ba. Wanda ya saki duka kuma tun da wuri, ya bar icce ya bushe kafin ya tanƙwara shi.

Haƙuri da hankali a wurin shari'a

Babba juji ne, in ji Hausawa: kowa ya kwaso shararsa wurinsa zai zubar. Wannan shi ne aikin maigari da ardo da sarki. Dokar karkara ta 1993 ta tabbatar wa sarakunan gargajiya hurumin sasanta rikicin gona da kiwo kafin a kai gaban alƙali, ta kuma tanadi kwamitocin kula da filaye. Dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi.

Amma doka ba ta aiki sai da halin mai riƙe da ita. Idan aka kawo ƙarar ɓarna, haƙuri ne ke sa shugaba ya saurari kowane ɓangare har ya kai aya, ko da yana cikin fushi. Hankali ne ke sa ya tura dattawa su je su ga gonar da idonsu, su duba ko tana kan burtali, su kuma lura ko an riga an ba da izinin sakin gonaki ga dabbobi. Adalci ne ke hana shi fifita ɗan garinsu a kan baƙo mai wucewa. Mutunci kuma shi ne ya yanke tara ba tare da ya tozarta mai laifi a gaban 'ya'yansa ba, domin gobe a bakin rijiya ɗaya za a sake haɗuwa.

Jahar Maraɗi ta san abin da rashin waɗannan halaye ke haifarwa. A watan Oktoba na 1991, a Toda, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutane fiye da 100, akasarinsu mata da yara Fulani.

Gyaran kai

Malamai da dattawa sun haɗu a kan cewa hali ana gina shi ne da maimaici. Hanyoyin da suka fi ambata su ne: yin shiru lokacin fushi, neman shawara kafin yanke hukunci, zama da na gaba, karɓar gyara ko daga ƙarami ne, da bin diddigin abin da mutum ya aikata kafin ya kwanta barci. Musulunci ya ƙarfafa wannan da koyarwar cewa kowane mutum makiyayi ne, kuma za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo. Shi ya sa idan za a naɗa maigari, jama'a kan fara tambayar yadda mutumin yake riƙe da gidansa.