Kafin ka ba mai walda kuɗin tirela, ka san nauyin taraktarka

Da kaka ta kama, mai ƙaramar tarakta ba ya rasa aiki: wannan yana son a kwaso masa masara, wancan yana jiran a kai masa shinkafa masussuka. A nan kwaɗayi ke shiga. Sai mutum ya tafi wajen mai walda ya ce a haɗa masa tirela babba, wadda za ta kwashe gona a sawu biyu. Tambayar da yake yi guda ɗaya ce, wai taraktar za ta iya ja? Za ta ja mana. A giya ta ɗaya, a shimfiɗaɗɗen fili, ƙaramar tarakta tana jan abin da zai ba ka mamaki. Abin tambaya shi ne ko za ta iya tsayar da kayan in an zo gangare.

Yawancin tirelolin da ake ƙerawa a garuruwanmu ba su da birki nasu, birkin taraktar ne kaɗai ke riƙe komai. In lodi ya fi ƙarfinta, sai tirela ta riƙa tura ta daga baya, tayoyi su sulɓe, ta naɗe, su auka rami tare. Ƙa'idar da masu ƙera tarakta suka saba bayarwa ita ce, tirela marar birki, da ita da kayanta, kada ta wuce nauyin taraktar sau ɗaya da rabi. Ke nan in taraktarka kilo 1,000 ce, iyakarka kilo 1,500. Cire nauyin tirelar kanta, a ce kilo 400, saura buhun masara 11 na kilo 100, ko buhun takin zamani 22 na kilo 50. Ba yawa, na sani, amma lissafin ke nan. Mai babbar tarakta irin Massey Ferguson 375 lissafinsa daban ne, kada ka gwada kanka da shi. Injin huɗa mai ƙafa biyu kuwa, wanda ake yayi a fadamu, rabonsa bai kai haka ba ma.

Girman bodi ma yana yaudara. Tirelar da ka cika maƙil da harawa ko karan dawa ba ta ji komai ba. Ita ɗin ce in ka zuba mata yashi za ta durƙusa, domin yashi mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi yana kai kilo 1,600, in ya jiƙe ya fi haka. Tankin ruwa mai lita 1,000 tan guda ne cur, ga shi yana tangaɗi a kwana. Don haka ka fara tunanin abu mafi nauyi da za ka riƙa ɗauka, sannan ka yanke tsawon bodi. Ka auna faɗin ƙofar gidanka da hanyar gonarka tun ba a yanka ƙarfe ba.

Wurin maƙalawa kuma rai ne a kansa. A ɗaura tirela a ƙarfen ja na ƙasa, wanda yake ƙasa da tsakiyar tayoyin baya. Duk wanda ya ɗaura a sama, in kaya suka cije a laka, gaban taraktar ne zai ɗaga ta kife ta baya a kan direba, kuma abin ba ya kai daƙiƙa biyu. A tirela mai taya biyu, kaya masu nauyi su ɗan fi yawa ta gaban tayoyin. In suka taru a baya, za su ɗage bayan taraktar, birki ya rasa kamu.

Direba, in za ka hau titi ka kulle birkunan taraktar biyu, na hagu da na dama, wuri ɗaya, ka sauka gangare da ƙaramar giya. 'Yan ƙwadagon da ke son hawa kan buhuna, ka ba su haƙuri su biyo a ƙafa.