Yadda ake kula da haƙoran majinyata a asibitocin ƙwaƙwalwa masu tsaro a Ingila

A Ingila akwai asibitoci 3 da ake tsare masu taɓin hankali waɗanda ake ganin suna da matuƙar haɗari ga jama'a: Broadmoor, wanda aka buɗe a 1863, da Rampton, wanda aka buɗe a 1912, da kuma Ashworth da ke kusa da birnin Liverpool.

Baya ga waɗannan akwai wasu sassa da dama masu matsakaici ko ƙaramin tsaro.

Majinyaci kan yi shekaru a irin waɗannan wurare, kuma ba ya da ikon fita neman likita da kansa. Saboda haka idan haƙori ya kama shi da ciwo, duk abin da asibitin ya tanada shi ne iyakar abin da zai samu.

Girman matsalar

Wani nazari da Farfesa Steve Kisely na Jami'ar Queensland a Ostireliya ya jagoranta, wanda aka buga a 2011, ya gano cewa yiwuwar masu matsanancin ciwon ƙwaƙwalwa su rasa haƙoransu kaf ta ninka ta sauran jama'a fiye da sau 3.

Masana dai na danganta hakan da shan taba, da yawan shan kayan zaƙi, da kuma yadda ciwon kansa kan sa mutum ya daina kula da tsabtar jikinsa.

To amma babban abin da ke ɗaure kan likitoci shi ne magungunan da ake bai wa majinyatan. Da yawa daga cikinsu kan busar da baki, alhali yawu ne ke wanke haƙora, yana rage kaifin sinadarin da ke cinye su.

Wanda bakinsa ya bushe kuma yakan nemi lemon kwalba ko alewa domin ya jiƙa maƙogwaro, abin da ke ƙara gaggauta ruɓewar haƙoran.

Maganin clozapine, wanda ake yawan amfani da shi a waɗannan asibitoci, nasa ya bambanta: yana sa dalalar da yawu, kuma yana iya rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cututtuka. Ga irin wannan majinyaci, ƙurjin dasashi da wani zai raina na iya zama babbar magana.

Haka nan mai shan lithium, idan aka ba shi ibuprofen domin ciwon haƙori, adadin lithium ɗin na iya hauhawa a jininsa har ya zama guba. Shi ya sa ake buƙatar likitan haƙori ya ga jerin magungunan majinyaci kafin ya rubuta komai.

Tsaro da magani

Ƙa'idar da hukumomi ke bi ita ce wanda aka tsare ya samu kulawa daidai da wadda zai samu a waje. Cika wannan ƙa'ida a bayan ƙofofi masu makulli shi ne aikin.

Kayan aikin likitan haƙori kusan duk masu tsini ne, don haka akan ƙirga su kafin a fara aiki da kuma bayan an gama. A wasu sassan ana hana zaren sakace saboda gudun kada majinyaci ya cutar da kansa da shi, ana hana ruwan kurkurar baki mai ɗauke da barasa, wani lokaci ma buroshi sai a gaban ma'aikaci.

Kowane mataki yana da hujjarsa, sai dai idan suka taru sukan mayar da goge baki, wanda ya kamata a yi sau 2 a rana, wani aiki mai jiran ma'aikaci ya samu sukuni.

Fita waje kuma tana da nata wahalar. Sai an samu ma'aikatan rakiya da mota, sannan waɗanda kotu ta ƙaƙaba wa takunkumi na musamman, doka ta ɗora izinin fitarsu a hannun Ma'aikatar Shari'a.

Wani aikin kuwa ba makawa sai an fita, domin tun daga 2002 aka taƙaita amfani da allurar sa barci wajen aikin haƙori ga asibitocin da ke da sashen kula da masu tsananin rashin lafiya.

Yardar majinyaci

Mutane da dama na zaton duk wanda aka tsare saboda taɓin hankali ana iya yi masa kowane irin magani ko da bai yarda ba. Ba haka dokar take ba.

Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983 ta ba da damar tilasta maganin ciwon ƙwaƙwalwar ne, ba cutar jiki da ba ta da alaƙa da shi ba.

A 1993 wata babbar kotu ta amince wa wani majinyacin Broadmoor da ya ƙi a yanke masa ƙafar da ta ruɓe, bisa hujjar cewa ya fahimci abin da likitoci suka gaya masa, kuma ya auna shi.

Ke nan majinyaci mai iya yanke shawara yana da ikon ƙin a cire masa haƙori. Wanda ba ya iyawa kuma, dokar 2005 ta ce a yi abin da ya fi zama alheri a gare shi, ta hanyar da ta fi sauƙin takurawa.

Masu sa ido

Hukumar CQC, wadda aka kafa a 2009, ita ce ke duba asibitocin, kuma daga 2011 aka sa wuraren aikin haƙori su yi rajista da ita. Majalisar likitocin haƙori ta GDC kuma tana da ikon soke lasisin duk likitan da ya saɓa ƙa'ida, ko a cikin gari yake aiki ko a Rampton.

Dokokin tsabtace kayan aiki ma ɗaya ne a ko'ina.

Ta fuskar rigakafi, likitoci kan rubuta wa masu bushewar baki man goge baki mai sinadarin fuloraid da ya ninka na kanti fiye da sau 3, su kuma matso da lokacin duba su. Ƙa'idar hukumar NICE ta 2004 ta ba da damar a riƙa duba wanda ke cikin haɗari duk bayan wata 3.

An kuma haramta shan taba a cikin gine-ginen sassan masu taɓin hankali na Ingila daga watan Yulin 2008. Wasu majinyatan Rampton sun ƙalubalanci hanin a gaban shari'a, suna cewa asibitin tamkar gidansu ne, amma kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da ƙarar a 2009.