Waswasi: Shakkar da Ba Ta Jin Ruwa

Da asubar hunturu, a bakin masallaci a Wurno ko Rabah, ba a rasa ganin irin mutumin nan. Ya riga kowa tsugunawa da buta, amma har liman ya sallame yana nan yana cuɗa gwiwar hannu. Ya wanke fuska, sai zuciya ta ce ruwa bai kai gefen kunne ba. Ya koma farko. In ya samu ya tsaya a sahu, sai niyya ta ƙi ƙulluwa, ya ɗaga hannu ya sauke, ya sake ɗagawa. Wasu su ce tsantseni ne, yara kuwa su yi ta ƙunshe dariya. Shi kaɗai ya san azabar da yake sha.

Wannan shi ne waswasi, kuma ba a buta kaɗai yake tsayawa ba. Akwai wanda mugun tunani game da Allah zai faɗo masa ba da sonsa ba, ya wuni yana maimaita kalmar shahada don tsoron ya yi ridda. Akwai magidancin da ke bin malamai yana tambaya ko matarsa ta saku, don kawai kalmar saki ta gifta masa a rai.

A ƙasarmu ta Malikiyya abin yana da wata ƙofa ta musamman. A mazhabar Imamu Malik, wanda ya yi shakkar ko alwalarsa ta warware, sai ya sake ta. Duk ɗan makarantar zaure ya san wannan. Abin da ake mantawa shi ne, a layin da Ahalari ya kawo hukuncin, nan take ya cire mai waswasi, ya ce babu komai a kansa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, ita ma ta yi maganar wanda kokwanto ya aure shi a sallah: ya kau da kai, kada ya gyara komai, ya yi ba'adi kawai. Malaman fiƙihu suna kiransa mustankihi, suka kuma sa masa ma'auni mai sauƙi, wato wanda shakka ke zo masa kullum, ko da sau ɗaya ne a rana. Ke nan sassaucin yana cikin littattafan farko da ake biya wa yara. Sai dai an fi haddace hukunci, a bar togaciya a baya, kuma a ganina laifin ba na ɗalibi kaɗai ba ne.

Manomin albasa a fadamar Goronyo da ke tsarguwa da tufafinsa zai huta in ya san cewa a wannan mazhaba kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, muddin ba ƙazanta take ci ba, kuma ruwan gulbin Rima da laka ta jirkita masa launi yana tsarkakewa. Annabi (SAW) da mudu guda na ruwa yake alwala, mudun da bai kai lita ɗaya ba. Da sahabbai suka kai masa kukan tunanin da suke jin nauyin furtawa, sai ya nuna musu cewa wannan jin nauyin shi ne tsantsar imani.

Tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an yi masu jefa jama'a cikin irin wannan fargaba, ɗaliban tauhidi da ke cewa duk wanda bai iya jero hujjojin aƙida ba, imaninsa bai inganta ba. Shehu ya yi ta rubuta musu raddi, ɗansa Muhammadu Bello, wanda ke kwance a Wurno tun 1837, ya ba da labarin a Infaƙul Maisuri.

Kiristoci mabiya ɗariƙar Katolika, waɗanda ke da diyosis a Sakkwato, su ma sun san ciwon, sai dai nasu ya fi kama su wurin furta zunubi a gaban Fada. Mutum zai fito ke nan, sai ya ji kamar ya ɓoye wani abu, ya sake komawa. Ignatius na Loyola ya sha wannan wahala a garin Manresa na Sifen a 1522, yana ta maimaita zunuban da ya riga ya furta, har ya kai ga tunanin halaka kansa. Shawarar da malamansu suka tsaya a kai ta yi kama da ta Ahalari: ka riƙi Fada guda ka bi maganarsa, kada ka tono abin da aka riga aka yafe, kuma zunubin da kake kokwantonsa ba dole ka faɗe shi ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa suna kiran matsanancin waswasi OCD, cutar da ke kama kusan mutum 2 cikin 100. Bayaninsu shi ne, duk maimaitawa tana kawo ɗan sanyin rai na mintuna, wannan sanyin kuwa shi ke ciyar da shakkar, kamar susar ƙaiƙayi. Tambayar malami na biyar bayan huɗu sun ba da amsa ɗaya ita ma maimaitawa ce. Don haka suke horar da majinyaci ya yi alwala sau ɗaya, ya miƙe, ya jure damuwar har ta lafa da kanta, wani lokaci a haɗa masa da magani irin fluoxetine, wanda kan ɗauki makonni kafin ya fara aiki.

Wanda abin ya kai shi ga rasa jam'i, ko fatar hannunsa ta fara tsagewa, ko ya daina sallar gaba ɗaya don gajiya, ya wuce a ce masa "ka dai yi ta A'uziyya". Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Kware, ba nisa da Wurno, kuma ba sai wanda ke jifa ake kaiwa can ba.