LITTAFIN MATSAFA DA YA SA MASU KARATU HAWAYE

Wanda duk ya ɗauki littafin nan mai suna Gideon the Ninth, abin da zai fara yi shi ne jan tsaki. Sunaye sun yi yawa, har sai da aka jera su a farkon littafin don kada a ɓace, ga ƙasusuwa ta ko'ina, ga baƙar magana. Amma in ya daure ya kai ƙarshe, sai ka iske ya yi zugum kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Wata mata 'yar ƙasar Niyu Zilan, Tamsyn Muir, ita ta rubuta shi da Turanci, aka buga a Amurka cikin 2019. Shi ne littafinta na farko, ya kuwa ci kyautar Locus a 2020. Biyu sun biyo bayansa, watau Harrow the Ninth a 2020 da Nona the Ninth a 2022.

Labarin ƙage ne, a wata daula mai gidaje tara, kowane gida da duniyarsa a sararin sama. Ana tafiya cikin kumbo, amma ana faɗa da takobi, kuma tsafi da matattu shi ne ilmin manya. A Gida na Tara ƙwarangwal ne ke noma. Can wata marainiya, Gideon, ta tashi cikin bauta, ta yi yunƙurin gudu har sau 86 ba ta dace ba. Magajiyar gidan, Harrow, 'yar shekara 17, ita ce babbar abokiyar gabarta tun suna yara.

Ana nan sai Sarki, wanda ya shekara dubu goma bisa gado, ya kira magadan gidaje takwas, kowa ya zo da bardensa, a gwada su don a sami waɗanda za su zama hadimansa marasa mutuwa. Harrow ta yi wa Gideon alkawarin 'yanci in ta bi ta. Aka zana mata fuskar ƙwarangwal, aka ce ta yi kamar ta ɗauki alwashin shiru.

A nan mai karatu ke sakin jiki. Gideon ba ta da kunya, bakinta ba linzami, ga baƙin tabarau bisa fentin fuska. Dariya ake yi har a fara tsintar gawawwakin baƙi ɗaya bayan ɗaya cikin tsohuwar fadar da aka tara su.

To, sai asiri ya tonu. Ashe matsafi ba ya kai ga wannan matsayi sai ya haɗiye ran bardensa, ya riƙa cin ƙarfinsa har abada, idanunsa ma su rikiɗe su ɗauki launin na mamacin. Magajiyar Gida na Uku ta aikata haka ba ko gezau. Bugu da ƙari, ita kanta Harrow da rayukan yara 200 aka same ta: iyayenta sun hallaka 'ya'yan gidan da iskar guba don su haifi matsafiya mai ƙarfi, suka ce wa jama'a annoba ce. Gideon kaɗai ta tsira. Daga ƙarshe, da mutuwa ta ritsa su, Gideon ta faɗa kan tsinin ƙarfe da ranta don Harrow ta rayu, alhali Harrow na roƙonta kada ta yi.

Abin da ke tsaya wa mai karatu a rai ke nan. Ƙwarangwal ba ya ba shi tsoro bayan shafi ashirin, ya zama kamar kujerar ɗaki. Abin tsoron shi ne daula sukutum wadda girman manyanta ya tsaya bisa ran na ƙasa da su, sa'an nan aka raɗa wa abin suna biyayya.

Mazauna Kudu ba baƙi ba ne ga irin wannan zance. Cikin 1992 aka yi fim ɗin Living in Bondage da harshen Ibo, inda wani ya ba da matarsa ga ƙungiyar asiri don ya yi arziki, fatalwarta ta hana shi sakat. Bambancin shi ne, a can an ci amanar matar ne, a nan kuwa baiwar ce ta miƙa kanta. Shi ya sa gardama ba ta ƙarewa tsakanin masu karatu. Waɗansu na ganin ƙauna ce ta kai matuƙa. Waɗansu kuwa na tambaya, wadda ba ta taɓa ɗanɗana 'yanci ba, yaya za a ce ta zaɓa?

Littafin ba na yara ba ne, akwai jini da ashar, kuma Turancinsa sai an yi haƙuri. Amma duk ubangidan da ke da yara a rumfa, a Agege ko Sabo ta Ibadan ko Fatakwal, in ya karanta zai yi wa kansa tambayar da ta fi tsafi nauyi: yaron da ya shekara goma yana yi masa hidima, yaushe zai sallame shi da jarin kansa?