3.4 Amfani da Radar Tauraron Ɗan'adam Wajen Gano Motsin Ƙasa

A wannan sashe za a yi bayanin yadda radar tauraron ɗan'adam ke gano motsin ƙasa, da kuma iyakar amfaninta a yankin Kazaure da Babura.

Radar na'ura ce mai aiko da sigina zuwa doron ƙasa, sannan ta karɓi wadda ta dawo. Idan aka ɗauki hoton wuri ɗaya sau biyu aka kwatanta, bambancin da ke tsakanin siginonin zai nuna ko ƙasar ta nitse ko ta gusa, ko da kuwa motsin bai kai santimita ɗaya ba. Misali, tauraron Sentinel-1A da Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta harba a shekarar 2014, an tsara shi ya riƙa komawa kan wuri ɗaya duk bayan kwana 12. Girgije ko hazo ko duhun dare ba sa hana shi aiki.

Sai dai kuma na'urar ta fi tasiri a kan abin da kamanninsa ba sa sauyawa, wato duwatsu irin na Kazaure da Roni, da gine-gine da gadoji. A ƙasa mai rairayi kamar ta Babura, huɗa da tsirowar amfanin gona sukan rikita siginar da damina, alhali kuwa a lokacin ne bakin kwazazzabo ke zaftarewa ya ci gonaki da gidaje. Saboda haka, wajibi ne a haɗa hoton radar da ziyarar gani da ido da bayanan manoma.