Jirgin Cikin Garin Abuja da Unguwannin da Bai Leƙa Ba

Tun da asubar fari motocin haya ke cika a Mararaba, Nyanya da Karu, fasinja biyu a kujerar gaba, kowa na fatan ya tsallake cunkoson hanyar Keffi kafin a buɗe ofis. Ga shi kuwa Abuja na da jirgin ƙasa na cikin gari, sai dai bai san da zamansu ba.

A watan Yulin 2018 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shi: kusan kilomita 45, tashoshi 12, aikin kamfanin CCECC da rancen ƙasar Sin. Layi ɗaya ya tashi daga tsakiyar birni ya ratsa Idu zuwa filin jirgin sama, ɗayan ya bi ta Gwagwa, Dei-Dei da Kagini ya tsaya Gbazango. Annobar korona ta tsayar da shi a 2020, bai dawo ba sai Mayun 2024, lokacin da Shugaba Tinubu ya sake buɗe shi, aka ce a hau kyauta.

Kyautar ta jawo mutane, amma a ganina kuɗin tikiti ba shi ne babban cikas ba. An shimfiɗa dogon ne inda fili yake a buɗe, can gefe da inda jama'a suka yi dafifi. Lugbe tana kan hanyar filin jirgi, layin ya kewaye ta. Wanda tashar ta yi wa nisa sai ya biya ɗan acaba ko mai Keke NAPEP ya kai shi, ya jira jirgi, ya sauka ya sake neman mota. Ɗan kasuwar Dei-Dei mai buhu biyu a hannu, da ya yi wannan lissafin, bas zai shiga. Ƙarancin fasinja kuma shi ke sa a rage zirga-zirga, raguwar ta ƙara korar 'yan kaɗan da suka rage. Hanyoyin shiga tashoshi da aka gina kafin a sake buɗe jirgin a 2024 sun rage wahala, ba su matso da Mararaba kusa ba.

Mu a Sakkwato mun san zafin dogon da ya tsaya a hanya. Layin da ya taso daga Zariya ya ƙare a Ƙaura Namoda tun 1929, kuma har yau manomin Bodinga ko na Shagari a bayan babbar mota yake loda albasarsa.